Ƙwan Zabin Gwaggo da Ayisi Mai Taga

Abin da na fara lura da shi da muka shiga gidan Gwaggo a Toranke shi ne ƙofar tsohon firjin nan a buɗe take, an tokare ta da guntun bulo, har an rataya tsumman goge hannu a jikinta. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ƙofar a buɗe da damina ba. Sunan firji kawai ya rage masa. Shekarun baya marigayi mijin Gwaggo ya kai shi Kano aka mayar da shi injin ƙyanƙyasar ƙwai. Aka sa masa fitilu biyu masu ba da ɗumi, da tire mai ramuka, da wani ƙaramin inji a gefe wanda yake karkata tiren hagu, bayan awa biyu ya karkata shi dama. Sola da batir ne suke riƙe da shi.

Gwaggo ƙanwar Baba ce. Mu a Gaya muke, a lokacin ina aji biyu na babbar sakandare, amma kusan duk Asabar Baba yakan goya ni a babur mu je gaida Kaka, mahaifiyarsu, wadda take zaune a wajen Gwaggo.

Ina durƙushe ina wanke kofuna na ji Gwaggo tana ba Baba labari. Tsawar da aka yi a ruwan farko ce ta taɓa injin. Ɗumi yana nan yadda yake, amma tire ya daina motsi. Cutar da ta shigo da bazara ta share mata kaji kaf, ta bar mata zabi bakwai kacal, biyar mata, biyu maza. Zabuwa kuwa ba ta iya kwanci ba, ko ta fara sai ta watsar, shi ya sa ake sa wa kaza ƙwanta. Ga shi babu kaza, babu inji, zabin kuma sun fara saka ƙwai. Tana tara su a ƙwarya a kan yashi mai sanyi a ƙarƙashin gado, wanda ya wuce kwana goma sai dai a dafa. Idan damina ta wuce ba ta samu 'yan tsaki ba, garken ya ƙare ke nan.

Baba ya ce to ta riƙa juya su da hannu mana. Ta ce yaushe? Tun safe take gona wajen noman gero da gyaɗa, sai la'asar take shigowa. Ƙwai kuwa idan ba a juya shi a kai a kai ba, ɗan da ke ciki manne wa ɓawo yake yi ya mutu. Kaka ce kaɗai take yini a gida, ita kuma ta riga ta rantse ba za ta taɓa abin da wuta take bi ta cikinsa ba.

Da suka koma maganar taki sai na zagaya bayan firjin. Akwai wani koren allo a ɗaure da kusoshi huɗu, a tsakiyarsa wani baƙin ayisi dogo, irin na cikin rediyo, a zaune cikin soket. Na ƙirga ƙafafunsa, arba'in. Bayansa ya kumbura kaɗan kamar inda mai ya fallatsa wa fata. Rubutun jikinsa ya goge, amma ana ganin 8 a farko da 51 a ƙarshe. A makaranta muna da kulob ɗin kwamfuta duk Laraba, kuma Malamarmu ta taɓa gaya mana cewa irin wannan ayisin 'yar ƙaramar kwamfuta ce cikakkiya, da ƙwaƙwalwarta da agogonta, ana rubuta mata umarni ta riƙa bi har ta mutu. Na ɗauki hotonsa da wayar Baba. Na bi layukan allon da yatsa, na zana a bayan littafin lissafina wace ƙafa ce take zuwa ƙaramin injin, wace ce take zuwa wata 'yar jar fitila da ke kusurwa.

Ban gaya wa kowa komai ba a gidan. Sai a hanya, bayan mun wuce kwanar da ake sayar da rake, na ce wa bayan Baba ina jin zan iya gyarawa. Magana da bayan mutum ta fi mini sauƙi a kan magana da fuskarsa. Na ɗauka iska ta tafi da maganar, ashe ya ji. Muna isa gida ya kira Gwaggo a waya ya ce ta kwantar da hankalinta, 'yarta za ta gyara mata injin. Ni "ina jin" na ce, amma shi bai kai mata wannan ba.

Ranar Laraba na jira har sauran 'yan kulob suka fara surutu, sannan na miƙa wa Malama littafin da hoton da na tura wayar ƙawata. Malama ba ta daɗe da gama jami'a ba, tana da saurin magana, rabin maganarta Turanci ne. Ta duba ta ce wannan ai kakan ayisi ne, dangin 8051, ita ma a littafi kawai ta san shi. Na tambaya ko za a iya sa ɗaya daga cikin sababbin da muke koyo da su. Ta ce in ƙirga ƙafafunsu. Ashirin da takwas ne, kuma inda wuta take shiga musu daban ne. Ko da soket ɗin zai karɓa, allunan na makaranta ne, ba ta da ikon ba da su.

Amma akwai wani kwali a ƙarƙashin teburinta, cike da tarkacen da wani ya taɓa kawo wa makarantar kyauta, ba wanda yake buɗe shi. Muka zazzage shi a ƙasa. Cikin wayoyi da ƙura muka samu ayisi ɗaya mai ƙafa arba'in, ɗan gidan 8051, da wani ɗan akwati da ake dasa ayisi a kai a rubuta masa umarni. Wannan ayisin bai yi kama da na Gwaggo ba ta wuri ɗaya: a tsakiyar bayansa akwai 'yar taga ta gilashi, zagayayya, ba ta fi ƙwayar wake ba. Na kai ta kusa da idona. A ciki akwai wani ɗan murabba'i mai ƙyalli, da wasu wayoyi da suka fi gashi siranta sun fita daga gefensa ta ko'ina. Ban taɓa ganin cikin kwamfuta da idona ba sai ranar.

Malama ta dasa shi a akwatin ta duba, ta ce babu komai a cikinsa, sabo ne fil duk da tsufansa. Sannan ta yi mini gargaɗi. Sababbin da muka saba da su, a rubuta a goge sau dubu ba komai. Wannan kuwa idan aka rubuta, ba ya gogewa sai an haska masa wata fitila ta musamman ta cikin tagar nan, fitilar kuma ba ta cikin kwalin. Don haka dama ɗaya muke da ita. Sai na gwada komai a emuleta tukuna, wato manhajar da take sa kwamfuta ta kwaikwayi ayisin, ta yi tafiyarsa, ta nuna ƙafafunsa a allo kamar yana nan.

Da na buɗe manhajar sai ta jero mini sunaye masu yawa in zaɓi wanda za ta kwaikwaya. Duk lambobi ne da haruffa, kusan rabinsu suna da 51 a jiki. Malama tana can tana raba faɗa a kan linzamin kwamfuta. Na ji nauyin in sake kiranta. Na danna na farkon da na ga 51 a ƙarshensa.

Sati biyu na yi ina fama. Kwamfuta huɗu ce a ɗakin, mu goma sha bakwai, kuma sai an tayar da janareta. Malama ta roƙa mini a riƙa bari na shiga lokacin tara, sai na daina cin abincin tara. A sababbin ayisi, idan kina so fitila ta kama, layi biyu za ki rubuta: wannan ƙafar ta fitarwa ce, kunna ta. Tsohon nan ba shi da wurin da za a gaya masa ƙafa ta shiga ce ko ta fita. Kuma ba ya iya tura wuta da ƙarfi, janyowa ya fi iyawa, don haka idan ina son fitila ta kama sai in rubuta sifili, idan ina son ta mutu in rubuta ɗaya. Kwana biyu ina rubutawa a juye ina mamakin abin da ya sa komai yake yin akasin abin da na ce. Sabon yana da wuraren ajiye lissafi talatin da biyu a gabansa, kowanne zai iya tarawa da deɓewa. Tsohon hannu ɗaya gare shi na lissafi, komai sai ya bi ta nan, ki ɗauko, ki tara, ki ajiye, ki sake ɗaukowa. Ƙirgensa kuma ba ya wuce ɗari biyu da hamsin da biyar sai ya koma sifili. Awa biyu nake so ya ƙirga. Sai da na jera masa ƙirge cikin ƙirge cikin ƙirge, kamar mai auna gero, kwano ya cika a zuba a tiya, tiya ta taru a zuba a buhu. Sau uku ina mantawa in zazzage kwanon bayan ya cika, emuleta ta tsaya tana juyi a wuri ɗaya har janareta ya mutu.

'Yan ajinmu suka sa mini suna Injiniyar Zabi. Idan na shigo sai wata ta yi kukan zabuwa ƙasa-ƙasa. Sai na fara shiga ta ƙofar baya.

A ƙarshe dai abin ya tsaya. Umarnin ba shi da tsawo. Da an kunna, tire ya karkata sau ɗaya, sannan a jira awa biyu, ya karkata ɗaya gefen. Na ƙara wani abu na kaina: jar fitilar nan ta riƙa ƙiftawa sau ɗaya duk daƙiƙa, don Gwaggo ta san yana da rai. Emuleta tana da agogonta a gefe. Na zuba masa ido, fitilar allo tana ƙiftawa daidai da shi. Malama ta hanzarta agogon muka ga awa biyu ta cika, ƙafar injin ta motsa. Ta ce madalla, ta dasa ayisin a akwati, ta danna. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Ta yanki baƙin salatif ta rufe tagar, ta naɗe mini shi a takardar alawa mai ƙyalli.

Asabar ɗin da muka kai shi, mun tarar Gwaggo ta dawo daga gona da wuri, ta goge cikin firjin, ta jera ƙwai talatin da takwas a tire. Matan maƙwabta uku sun shigo kallo. Na ciro tsohon ayisin da bakin cokali, na dasa sabon, na duba ƙafafun sau biyu kada ɗaya ta lanƙwashe. Ana idar da sallar azahar Baba ya haɗa batir. Ƙaramin injin ya yi gurnani, tire ya karkata dama a hankali ya tsaya. Gwaggo ta rufe bakinta da gefen mayafi. Ɗaya daga cikin matan ta ce wa Baba ya riƙe yarinyar nan da kyau. Kaka tana kan tabarmarta a gindin darbejiya, ko tasowa ba ta yi ba, ta ɗaga murya ta ce kazarta ta da ko aji ɗaya ba ta yi ba, kuma ba ta taɓa neman batir ba.

Kowa yana kallon tire. Ni ina kallon jar fitilar. Ta kama, ta daɗe a kunne. Na ƙirga a zuciyata, ɗaya, biyu, har shida, sannan ta mutu. Ta yi wani shidan a mace. Ba haka take yi a allon makaranta ba. Na sake ƙirgawa, haka dai. Na ce a raina wataƙila fitilar ce ta tsufa, ko batir ne bai cika ba, alhali na san fitila ba ta nawa don tsufa. Gwaggo tana zuba mini fura a kofin baƙi, wanda ba ta taɓa ba ni a ciki ba. Matan suna nan. Na karɓi kofin na sha. Kafin awa biyu ta cika hadari ya taso daga gabas, Baba ya ce mu kama hanya.

Satin nan ban ji daɗinsa ba. Duk fitilar da na gani sai na ƙirga ta, har sigina ta motocin da suke wucewa ta gaban makaranta. Ranar Laraba na zauna a kulob na buɗe emuleta, fitilarta tana ƙiftawa lafiya lau, na rufe. Malama ta tambaye ni ya zabi, na ce lafiya.

Asabar ta gaba tun hantsi muka isa. Gwaggo tana gona. Na gaida Kaka, na ɗauko kujera 'yar tsuguno na zauna a gaban firjin, ina leƙen tiren ta ɗan gilashin da aka huda a ƙofa. Yana karkace dama. Na duba agogon wayar Baba. Awa ɗaya ta wuce, biyu, biyu da rabi. Inuwar katanga ta janye daga ƙafata. Tire bai motsa ba.

Kaka ta gaji da kallona ta ce, "Ke Injiniya, mijin naki kike gadi? Ai ba yanzu yake tashi ba. Sai an yi azahar yake gurnaninsa sau ɗaya, kamar tsohon rago, ya koma barci sai gobe."

Na ce, "Kaka, sau ɗaya a yini?"

"Da sau nawa kike so? Ni da nake nan kullum. Har na daina duba rana, shi nake jira in yi alwala."

Haka kuwa aka yi. Bayan azahar kaɗan ya yi gurnani, tire ya koma hagu. Sau goma sha biyu ya kamata ya juya tsakanin jiya da yau, sau ɗaya ya yi. Kwana bakwai ke nan ƙwan suna kwance yini da kwana a gefe guda. Da Gwaggo ta dawo da la'asar da fartanya a kafaɗa, ta tambaye ni ko komai daidai, na ce akwai ɗan abin da zan duba a makaranta. Ban san dalilin ba a lokacin, kuma ban san yadda ake faɗin abin da ba a san dalilinsa ba. Na dai roƙe ta idan ta tashi da asuba da kuma idan ta dawo, ta riƙa jujjuya su da hannu. Ta ce to, amma na ga ta kalli tafin hannunta, duk ya yi kanta, ga ƙasa.

Ranar Litinin ban jira Laraba ba. Na tsaya a ƙofar ofishin malamai har Malama ta fito, na gaya mata komai ina kallon takalminta. Ta sa aka tayar da janareta lokacin tara. Ta nemo takardar bayanin ayisin a wayarta, shafuka da yawa, muna ja tana karantawa a fili. Can ta tsaya. Ta ce in nuna mata sunan da na zaɓa a emuleta. Na nuna.

Ashe dangin 8051 gida ne babba. Akwai tsofaffin, irin wanda muka samu a kwali, akwai kuma jikokinsu da aka ƙera daga baya, suna jin yare ɗaya, umarni ɗaya suke karɓa, amma tafiyarsu ba ɗaya ba ce. Jikan duk bugun agogo ɗaya yake yin taku ɗaya. Kakan sai agogo ya buga sau goma sha biyu kafin ya ɗaga ƙafa. Ni jikan na zaɓa. Emuleta ba ta yi mini ƙarya ba, wanda na ce ta kwaikwaya shi ta kwaikwaya, sati biyu cur. Malama ta gangara ƙasan jerin ta danna sunan tsohon. Ba mu taɓa ko harafi ɗaya a umarnina ba. Fitilar allo ta kama, ta daɗe, na ƙirga shida, ta mutu. Daidai da ta Toranke.

Gyaran lamba ɗaya ce. Na goge ta na rubuta wata, fitilar ta dawo daidai da agogo. Ko minti biyu ban yi ba. Na zauna ina kallon gyararren umarnin a allo, ayisin da yake buƙatarsa yana can Toranke da salatif a taga, ba zai karɓi ko ɗigo ba.

Malama ta ce, "Tun ranar farko kin ga fitilar tana nawa?"

Na ce na gani.

"Kika yi shiru."

Sannan ta ce ita ma da laifinta, da ta duba sunan da kanta. Wannan bai rage mini komai ba. Da na yi magana ranar, ayisin dai ya riga ya rubutu, amma da Gwaggo ta san matsayinta tun kafin ta rufe ƙofar a kan ƙwai talatin da takwas.

Sauran satin a neman fitilar gogewa ya tafi. Malama ta kira waɗanda suka yi karatu tare a Kano, wasu ba su ma taɓa jin ana goge ayisi da haske ba, ɗaya ya ce ya taɓa gani a wani ɗakin gwaji amma ta daɗe da mutuwa. Baba ya zagaya da hoton wajen masu gyaran waya da rediyo a kasuwar Gaya. Wani ya ce a jefar a sayi sabon inji. Wani ya kawo shawarar fitilar nan mai ruwan shuɗi da ake duba jabun kuɗi da ita, Malama ta karanta ta ce haskenta ba irinsa ba ne. Wani ayisin mai ƙafa arba'in kuma ba a samu ba, sai an aika Kano, wanda zai je kuma sai ƙarshen wata. A can ƙasan takardar bayanin ne Malama ta ga wani layi da aka rubuta a matsayin gargaɗi: kada a bar tagar a buɗe a rana, domin hasken rana yana goge shi idan ya kai kamar sati ɗaya. Ta ce to ga fitilarmu nan. Muka leƙa waje tare. Tun safe gari yake a lumshe, ana yayyafi. Sati ɗayan na rana mai ƙarfi ne, mu kuma muna tsakiyar damina.

Ranar Asabar, kwana goma sha huɗu da sa ƙwan, Gwaggo ba ta je gona ba saboda Baba ya gaya mata komai a waya, ya hutar da ni. Muka shiga ɗakinta da rana tsaka muka rufe ƙofa da taga, muka toshe kafar da zane. Tana ɗauko ƙwan ɗaya bayan ɗaya a cikin tsumma mai ɗumi, ni ina ɗora shi a kan fitilar wayar Baba. Ɓawon ƙwan zabi yana da kauri, sai an matse hasken da yatsu ake gani. Mai rai yana da jijiyoyi ja kamar saiwar ciyawa, da wani duhu a tsakiya wanda yake motsi idan an jira. Biyar fayau suke, ba a taɓa samun komai a cikinsu ba, Gwaggo ta ce waɗannan ba ruwan kowa. Tara kuwa duhun ya manne a gefe ɗaya, jijiyoyin sun tattare sun zama zobe, ko na juya ƙwan ba ya biyowa. Gwaggo tana ajiye su a wata ƙwarya daban ba tare da ta ce komai ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini. Da muka gama sai kawai ta ce ashirin da huɗu ma garke ne, idan Allah ya raya su. Ta ƙara da cewa juyin asuba da na yamma tana yi, amma ranar Talata da Alhamis ta manta na yamma, gajiya ta sa ta yi barci a zaune. Kuma sati mai zuwa za a shiga maimai, wato noma na biyu, wani lokacin sai magariba za ta shigo.

Na zagaya bayan firjin na raba wayar ƙaramin injin da allon. Na sa bakin cokali na ciro ayisin, na ɓare salatif ɗin, na naɗe shi zan tafi da shi Gaya in riƙa shanya shi a kan rufin ɗakin girkinmu. Ban san ko zai goge kafin a ƙyanƙyashe ba. Yanzu ko juyi ɗayan nan na azahar babu. Akwai wani ƙarfe da ya fito ta gefen firjin, wanda injin yake turawa. Na kwance kusar da ta haɗa su, na gwada da hannu. Da yatsa biyu ma tiren yana karkata, ba sai an buɗe ƙofa ba. Na naɗe ƙarshen ƙarfen da tsumma na ɗaure da zare. Saura kwana goma sha ɗaya ana juyi, daga nan a bar su su fasa.

Kaka tana gindin darbejiya tana tsinke zogale a faifai. Na daɗe a tsaye kafin na je na durƙusa a gefen tabarmar. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "An sallami ragon nawa ke nan? To wa zai riƙa tashina azahar?"

Na ce an sallame shi, sai ya sha rana tukuna.

"Ikon Allah. Shi ma shanya shi ake yi kamar kuɓewa? Da kin faɗa tun farko ai da na yanka miki shi."

Na ɗauki reshe ɗaya na fara taya ta tsinka. Na gaya mata na raba ƙarfen da wuta gaba ɗaya, ko jariri ya kama ba abin da zai same shi, kuma na naɗe shi da tsumma. Ta ce haka mai gyaran fitilarta ya ce shekaran jiya kafin wuta ta ja shi. Na ce zan kama a gabanta, da jiƙaƙƙen hannu ma idan tana so. Ta watsa ganyen da ke hannunta a faifai, ta kalle ni a karon farko tun da na zauna, tana jira.

Na ce, "Kaka, don Allah ki riƙa tura mini ƙarfen nan duk lokacin da kika tashi yin alwala. In yana hagu ki mayar da shi dama, in yana dama ki mayar da shi hagu. Kwana goma sha ɗaya kawai."